Ummi, Ga Abin da Ke Damun Inna



Ummina,

 Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna ma da sauƙi, tana ci tana sha, kumburin ƙafar nan ya sauka.

Mamanku ta gaya mini daren da za ki koma makaranta ko tuwo ba ki taɓa ba. Wai Inna ta ƙura miki ido ta ce, "Wannan kuma 'yar gidan wa ce?" Can anjima ta ce ke kika kwance mata kuɗi daga haɓar zani. Har kin tambayi Mamanku ko Inna ta daina ƙaunarki ne. Tun da na ji wannan tambaya ban samu sukuni ba. Ke ce mai sunanta, a bayanta kika yi wayo, kuma kin kai shekarun da za a gaya miki magana yadda take. Wasiƙar za ta yi tsawo, ki nemi lokacin da ba kowa a kanki ki karanta a tsanake.

Inna ba ta da lafiya ne, Ummi, kuma ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Masu zuwa dubiya suna cewa gigin tsufa ne, duk wanda ya daɗe a duniya sai ya yi. Ba haka ba ne. Ki tuna tsohuwar nan mai daddawa ta bayan layinmu: ta girmi Inna nesa ba kusa ba, amma har yau ba wanda zai ci bashinta ta manta. Tsufa yakan sa mutum ya nemi inda ya ajiye carbinsa, ko suna ya kwanta masa sai can ya faɗo. Wannan ba komai ba ne. Na Inna daban ne: miya ta sha gishiri sau biyu, tambaya a sake ta kafin a gama amsa ta farko, tukunya a kan wuta har ta ƙone, sai kuma ranar nan da ta je barka a layin da ta fi shekara 40 tana bi, ta kasa gane hanyar gida sai mai kanti ne ya rako ta. Likitoci suna ce masa dimenshiya, a rediyo za ki ji ana cewa cutar mantuwa. Ba tuna abu kaɗai yake ci ba, yana cin magana da lissafi da sanin wuri da lokaci, wani sa'in har da hali.

A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin halitta kimanin biliyan 86, kowace tana miƙa wa 'yan'uwanta saƙo. Duk abin da kika sani, daga fuskata har hanyar ajinku, cikin wannan miƙa saƙon yake zaune. A irin ciwon Inna wasu sinadarai biyu da jiki da kansa yake yi su ne ke lalacewa. Ɗaya, amiloyid, yana taruwa ya daskare a tsakanin ƙwayoyin. Ɗayan, tawu, yana cukurkuɗewa a cikinsu. Saƙo ya daina wucewa, ƙwayoyin su riƙa mutuwa, ƙwaƙwalwar ta riƙa motsewa. Yakan fara shekara 10 zuwa 20 kafin kowa ya lura. Wato tun Inna tana goya ki tana miki tawai ciwon ya riga ya soma aikinsa a ɓoye.

Inda yake fara ci wani ɗan sashe ne can ciki, daidai saitin kunne, wanda aikinsa ajiye sabon abu. In ya lalace, abin da ya faru yau ba ya zama, wanda aka ajiye tun tuni kuwa yana nan, sai daga baya ciwon zai kai gare shi. Shi ya sa Inna ba za ta iya gaya miki ko ta karya kumallo ba, amma za ta lissafo miki ƙawayenta na dandali a Ɗambatta ɗaya bayan ɗaya, da sunan uban kowace. Kin lura kwanan nan da sule da sisi take ciniki? Naira ta shigo ne a 1973, ina goye a bayanta. Can baya da wannan shekara hankalinta yake komawa.

To ki auna da kanki. Ummin da ke ajiye a kan Inna 'yar firamare ce mai giɓi, mai bin ta da kwanon fura. Tsawon nan da kika yi, da hijabin nan har ƙasa, duk sun zo ne bayan wurin ajiyar ya lalace. Ta duba tana neman 'yar jikarta, sai ta ga budurwa a tsaye. Kina nan a zuciyarta, girmanki ne bai samu shiga ba. Ni kaina wata rana ɗanta ne, wata rana yayanta ne da ya rasu tun ba a haife ki ba, ta tambaye ni ko na dawo daga gona.

Zancen kuɗi kuma ga yadda yake. Tana jin abubuwa suna kuɓuce mata ba ta san dalili ba, sai tsoro ya sa ta riƙa ɓoye abin da take ji da shi. Ta ɓoye, ta manta ta ɓoye, ta laluba haɓar zani ba komai. Mace ce da ba ta taɓa yar da kwabo ba a rayuwarta, don haka abin da hankalinta zai ba ta shi ne an ɗauka. Wa ya ɗauka? Wanda ta gani kusa. Saboda haka wanda ya fi kowa hidima da mai wannan ciwo shi ya fi shan zargi, kuma Mamanku ta sha fiye da ke. Kuɗin an same su bayan tafiyarki, a ƙulle cikin leda a kwanon kanwa.

Wannan ɓoye-ɓoyen da zargin da su aka fara sanin ciwon. A 1901 aka kai wata mata, Auguste Deter, asibiti a birnin Frankfurt na Jamus tana da shekara 51. Tana zargin mijinta, tana kwashe kayan gida tana ɓoyewa, tana ɓata a cikin gidanta. Da ta rasu a 1906, likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya sa ƙwaƙwalwarta a madubin likita, ya ga daskararrun nan da cukurkuɗaɗɗun nan da na gaya miki. Sunansa cutar ta ci, kuma ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu dimenshiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da dimenshiya, duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu tasowa suke. Ciwon bai san sarauta ba: Ronald Reagan, da ya shugabanci Amurka shekara 8, a 1994 ya rubuta wa mutanen ƙasarsa da hannunsa cewa ya kamu, ya rasu a 2004. A nan gida, wani bincike da aka yi a Zariya aka wallafa a 2011 ya samu kusan 3 cikin kowane tsofaffi 100. A baki kamar ba yawa, amma ki ƙirga gidajen unguwarmu masu tsoho a ciki.

Na Inna haɗe yake. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ban da Alzheimer akwai tabon ƙananan jijiyoyin jini da suka toshe, aikin hawan jinin da ta daɗe da shi. Wannan nau'in shi ne na biyu a yawa, kuma a ganina shi ya fi kamata mu ji tsoro a ƙasar nan, inda mutum zai yi shekaru da hawan jini bai taɓa aunawa ba. Akwai wani nau'in da mai shi yake ganin mutane ko dabbobi a ɗaki ƙuru-ƙuru alhali ba kowa, jiki ya riƙa sandarewa, sai ki ji an ce ya yi gamo. Akwai kuma mai kama mutum tun yana ɗan 50, ya fara da sauya masa hali kafin mantuwa.

Ranar da muka kai ta Asibitin Malam Aminu Kano, likitar ta fi daɗewa da Mamanku da Gwaggonki a kan Inna, don masu zama da mutum su suka san yaushe abu ya fara da yadda yake tafiya. Sannan ta gaya wa Inna sunayen abubuwa uku ta ce ta riƙe, can ta tambaye ta. Ta sa ta lissafo dabbobin da ta sani. Masu boko akan sa su zana agogo. Inna ba ta taɓa riƙe biro ba, sai aka jera tsinken ashana huɗu aka ce ta kwaikwaya. Gwajin ashanar nan likitocin Ibadan ne suka fito da shi tare da abokan bincikensu na Indianapolis a Amurka, don kada a ɗauki rashin boko a matsayin ciwo. Daga nan aka ɗebi jini.

Dalilin ɗibar jinin ina so ki riƙe shi ko don wani gidan. Akwai abubuwan da ke ruɗa tsoho tamkar mai dimenshiya alhali suna da magani sarai: ƙarancin bitamin B12, raunin halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, ciwon damuwa, jini da ya taru a kai bayan wata faɗuwa da kowa ya manta da ita, ko tarin ƙwayoyin da tsoho ke sha barkatai. Tsofaffi nawa ne ke zaune a ɗaki an sallama su da sunan gigin tsufa, alhali allurar bitamin ce kawai tsakaninsu da hankalinsu? Abin nan yana ci mini rai. Na Inna an duba, duk ba su ba ne.

Yanzu maganar magani, kuma ba zan sakaya miki ba: har yau ba a samu mai warkar da wannan ciwo ba, a nan ko a ko'ina. 'Yar ƙwayar nan da nake ba ta bayan isha'i sunanta donepezil, tun 1996 aka amince da ita a Amurka. Akwai wani sinadari da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, ciwon yana rage shi, ita kuma tana hana ɗan abin da ya saura saurin ƙarewa. Kamar ƙara wa fitila kananzir ne alhali lagwaninta na cinyewa: haske ya ɗan ƙaru, lagwani kuwa bai fasa ƙonewa ba. Wasu takan taimake su na wani lokaci, wasu ba a ganin komai. Tana iya kawo tashin zuciya, zawo, ƙin abinci, ko ta rage bugun zuciya, shi ya sa aka fara mata da miligiram 5 kuma ake auna ta duk zuwa. Inna ta ɗan samu natsuwa da ita, tana bin hira fiye da da. In ciwon ya yi nisa akwai wata, memantine, da ake ƙarawa.

Za ki iya jin an ce an samo sabon magani a Amurka. Gaskiya ne, a 2023 aka amince da lecanemab, a 2024 kuma donanemab. Ta jijiya ake ba da su kamar ƙarin ruwa, suna kwashe amiloyid daga ƙwaƙwalwa. A gwajin wata 18, na farkon ya rage saurin taɓarɓarewa da kimanin kashi 27 cikin 100. Bai tsayar da ciwon ba, bai dawo da abin da ya tafi ba. Sai wanda nasa ke farko-farko ake ba, yana iya kawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, dole a yi ta ɗaukar hoto, kuɗinsa kuma a 2023 dala 26,500 ne a shekara ban da na asibiti. Ko Ingila a 2024 ba ta sa shi cikin magungunan da gwamnati ke biya wa jama'a ba, ta ce amfanin bai kai kuɗin ba. Na gaya miki wannan ne don kada wata rana ki zauna kina cewa da Babanmu mai kuɗi ne da Inna ta warke. Da ba ta warke ba. Duk da haka ina murna da shi, don ya nuna masu bincike sun fara kama bakin zaren. Wataƙila zamaninku ya ga abin da namu bai gani ba.

Masu tallar magani a kasuwa da rediyo da Facebook, masu cewa gora ɗaya za ta wanke ƙwaƙwalwa, ƙarya suke yi, wasu haɗe-haɗen ma ƙoda suke lalatawa. Na fi jin tsoron maganin barci da na masu taɓin hankali da ake sayowa a kemis don tsoho ya bar mutane su huta. Suna sa jiri, tsoho ya faɗi ya karya ƙugu. Wasunsu suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ga mai nau'in nan na gane-gane kuwa suna iya zama ajali. Ko wa ya kawo wa Inna wani abu, ko ganye ne, a ajiye sai likita ta gani. Ƙwayar hawan jininta kuwa ba a tsallake ta ko rana ɗaya, don ita ke kare jijiyoyin da suka saura. Bayan salla za a cire mata yanar ido; wanda ba ya gani sosai ko ba ya ji sosai ruɗewarsa ninkuwa take yi.

In kika ga cikin kwana ɗaya ko biyu ta ruɗe fiye da kullum, ko barci ya yi mata yawa, kada a ce ai ciwon ne. Sauyin farat ɗaya yawanci zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙishirwa a zafin bazara, ko bayan gida da ya ƙi fita, ko haƙori ke ciwo ta kasa faɗa, ko wata jijiyar ce ta sake toshewa. A ranar za a kai ta asibiti.

Sauran maganin, wanda ya fi yawa, a tsakar gidanmu yake, kuma a nan ne kike da hannu.

In za ki wurinta ki zo ta gabanta, ki durƙusa yadda ido zai haɗu, ki faɗi ko ke wace ce kafin ta nema ta rasa: "Inna, Ummi ce, kishiyarki ce ta zo." Wasan jika bai bar ta ba tukuna. Na hana masu dubiya abin nan na "Inna, kin gane ni? Wane ne wannan?" Su a ganinsu kulawa ce, ita kuwa jarrabawa ake yi mata a gaban mutane, ta faɗi, ta ji kunya, kunyar ta koma faɗa. Magana gajera, ɗaya bayan ɗaya, a jira ta amsa. Kada ki ce me za ki ci, ki nuna mata kunu da fura ta zaɓa. In ta maimaita tambaya, a wurinta yanzu ta fara yi, ke ma ki amsa kamar yanzu kika ji. Kada ki yi musu da ita ko da gaskiyarki. In ta ce an sace mata kuɗi, "ban ɗauka ba" ba ya kai ko'ina. Ki ce, "Ayya Inna, ba daɗi, zo mu duba tare."

Mafi wuya shi ne gab da magariba. Kin gani da idonki: rana na yin ja sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta nufi zaure, wai za ta gida, Malam yana jira. Maƙwabta sun ce ai lokacin fitar iskoki ne. Likitoci sun san wannan sarai, masu ciwon a kowace ƙasa suna yi, har inda ba a san zancen iska ba. Ƙwaƙwalwa ta gaji da wuni, haske ya ragu, inuwa ta sauya kamannin abubuwa, abin da ke raba wa jiki dare da rana shi ma ciwon ya taɓa shi. Ga shi kuma tun tana yarinya wannan ne lokacin da take kan ƙafarta: a kaɗa miya, a shigo da awaki, a kira yara. Jikinta yana gaya mata aiki na jiranta, ta duba ba ta gane gidan ba. Don haka muke kunna fitilu tun da sauran haske, a kashe talabijin, a miƙa mata faifai da wake ta tsince.

Malam ɗin da take nufi mahaifinta ne, wanda ya rasu tun ina yaro. Ranar da wata baƙuwa ta ce mata, "Haba Inna, ai Malam ya daɗe da rasuwa," sai ta zube tana kuka irin na wadda aka yi wa rasuwa yau, domin a wurinta yau ɗin ta ji. Can anjima ta manta maganar ta sake ƙulle kaya. Na san abin da zai zo miki, tunda na hore ku da ƙin ƙarya: to me za a ce mata? Na daɗe ina juya wannan a raina. Inda na tsaya shi ne, ba dole sai mutum ya zaɓi ɗaya tsakanin yi mata ƙarya da sabunta mata mutuwa ba. Ba sai kin ce yana raye ba. Ki ce, "Inna, kina kewarsa ko? Ba ni labarinsa. Wace gona ya fi so?" Ki kama hannunta ku taka zuwa zaure ku dawo, ki ce a sha kunu tukuna. Mai cewa za ta gida yawanci tsoro take ji, inda aka san ta take nema. In ta samu wannan a wurinki, da hannunta za ta kwance ƙullin.

Wasu masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun wallafa wani gwaji a 2014. Sun nuna wa masu Alzheimer fina-finai na ban dariya da na ban tausayi. Bayan ɗan lokaci sun manta yawancin abin da suka kalla, wasu ma sun manta an yi kallon, amma farin cikin ko baƙin cikin yana nan tare da su. In kin zauna kin sa mata lalle kun yi dariya, za ta manta kin zo, daɗin kuwa zai daɗe tare da ita. In aka daka mata tsawa, za ta manta wa ya yi, ta zauna da ɗacin rai ba ta san daga ina ba. Kada wani ya ce miki zama da ita ɓata lokaci ne tunda ba za ta tuna ba. Abin da hannu da harshe suka saba tun ƙuruciya kuma shi ke jimawa. Har yanzu ba wanda ya kai ta iya damun fura. In kin ja mata farkon sura cikin waɗanda ta haddace a makarantar allo, ita za ta kai ki ƙarshe. A bar ta ta yi abin da take iyawa, ko a hankali ne, ko sai an sake. Karɓe mata komai da sunan tausayi saurin kwantar da ita yake yi.

Za ki ga ta yi la'asar sau biyu, ko ta sallame a raka'a uku, ko ta sha ruwa da rana tsaka a azumi. Kada ki tsorata. Na tambayi malamai, wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kuma Alƙur'ani ya yi zancen wannan mataki na ƙarshen rayuwa a Suratun Nahli da Suratul Hajji. Ba jifa ba ne, ba alhakin kowa ba ne. Muna yi mata addu'a da tofi safe da yamma, muna kuma ba ta ƙwayarta, ɗaya bai hana ɗaya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka, ko turara mata hayaƙi mai shaƙewa, ko ɗaure ta da sunan fitar da wani abu daga jikinta.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai ke. Kin san ni ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, "yaron nan" take cewa har na yi furfura. Kwanakin baya ina yanke mata farce sai ta kira ni da sunana ɓaro-ɓaro, ta shafa kaina. Na san ciwon ne ya ci wurin da kunya take, shi ne dai ke sa ta ashar ɗin da ba ta taɓa yi ba har kike toshe kunne. Na sani. Duk da haka sai da na fita zaure na share hawaye, kuma ba na baƙin ciki kaɗai ba ne.

Wasu dangi sun so a rufe maganar, kada a ce uwar wane ta haukace. Na ƙi. Na gaya wa mai unguwa da liman da masu kanti da 'yan adaidaita sahu na bakin titi, Gwaggonki kuma ta ɗinke lambar wayata a mayafanta. Kina jin labarin tsofaffin mata da ake tsinta da dare a wata unguwa ba su san sunansu ba, jama'a su taru ana cewa mayya ce, duk abin da aka tambaye su su ce e, a ce sun amsa laifi. Wasunsu ba abin da ke damunsu sai irin ciwon Inna. Tsohuwar da unguwa ta san ciwonta, rako ta gida ake yi. A cikin gida an rufe rijiya, an ɗauke ashana da kananzir da fiya-fiya daga inda hannunta zai kai, an sa fitila a hanyar banɗaki.

A duniya kashi 70 cikin 100 na awannin jinyar masu wannan ciwo mata ke yi, a gidanmu kuma kin san ko wace ce. Mamanku ke wanka, ke wanki, ke tashin dare, ga zargi a kai, alhali suruka ce. Mun zauna da Baffanki da Gwaggonki mun raba: Gwaggo na kwana da ita ƙarshen mako, Baffa ya ɗauki kuɗin magani, ni kuma daga la'asar har ta yi barci nawa ne. In Mamanku ta yi miki faɗa a kan abin da bai kai ba, gajiya ce. Ke ma in ranki ya ɓaci ba laifi kika yi ba, ki fita ki huce ki dawo. Ban ɗora miki jinya ba, karatu ne aikinki.

Abin da ke gaba ma sai na gaya miki, kada ya zo miki ba shiri. Ciwon ba ya komawa baya. Magana za ta ragu, za a kai lokacin da sai an ba ta a baki, fitsari ya riƙa kuɓuce mata, daga baya haɗiya ta yi wuya ta riƙa ƙwarewa, wanda shi ke kawo ciwon huhu. Yawanci mutum yakan yi shekara 4 zuwa 8 bayan an gano ciwon, wasu har 20. Kwana na Allah ne. In mun kai can, aikin shi ne abinci mai laushi tana zaune, da juya ta a gado kada gyambo ya fito, da hana ta jin zafi. A ɗakinta za mu yi shi in Allah ya yarda.

Na san tambayar da ba za ki iya yi mini ido da ido ba: ko ni ma zan yi, ko ke. Irin wanda ake gada kai tsaye daga uwa ko uba bai kai 1 cikin 100 ba, kuma da wuri yake kamawa, tun mutum na 40 ko 50. Na Inna ba shi ba ne. Samun mai ciwon a gida yana ɗan ƙara haɗari, iyakarsa ke nan. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ya ce in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon: hawan jini, ciwon suga, taba, giya, ƙiba, kitse a jini, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da aka bari, buguwar kai, gurɓatacciyar iska, kaɗaici, ciwon damuwa, da ƙarancin karatu tun yarinta. Ni ina auna jinina a kai a kai, na rage gishiri da magi, masallaci da kasuwa a ƙafa nake zuwa. Naki kason a yanzu shi ne na ƙarshen nan, kuma kina kansa.

Ki roƙi malamar bayoloji ta nuna miki hoton ƙwaƙwalwa, ki nemi sashen da ake kira hifokamfus, shi ne wurin ajiyar da na gaya miki. Duk abin da bai fito miki ba ki tara mini shi zuwa ranar ziyara. In ganin likita na gaba ya faɗo cikin hutunku ina so ki raka mu, ki yi mata tambayoyinki da bakinki.

Mamanku ta aiko miki da ƙuli-ƙuli da yaji da garin kwaki da sabulu. Kuɗin littafin da kika ce suna cikin ambulan. Ƙannenki da Gwaggonki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya ba Inna sauƙi.

Wassalam,
Babanki